Kafin ka kwashe kaya ka koma Kasoa, Amasaman, Adenta ko Ashaiman: yanda zaka yi da mota da hanya da ruwa da wuta

Yanzu duk wanda ka zauna dashi a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a cikin Akra maganar ɗaya ce, so yake ya fita bayan gari. Ɗaki ya yi tsada, gidan gado ya cika, yara sun girma sun isa aure babu inda za'a saka amarya, toh sai Kasoa, sai Pokuase da Amasaman, sai Ashaiman, sai can bayan Adenta wajen Oyarifa da Oyibi. Kuma ba laifi bane. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Greater Accra ya haura mutum miliyan 5 da dubu 400 har ya wuce Ashanti, kuma wannan lissafin ma babu Kasoa a ciki don ita tana yankin Central ne. Jama'a sun yi yawa, dole gari ya buɗe. Abinda yake damuna shine mutanenmu suna zuwa su duba ɗaki su duba bayi su duba kicin, amma basa duba hanya, alhali kuɗin da ka rage a haya hanya ce zata karɓe shi, harda ƙarin lafiyar jikinka da lokacin da ya kamata ka yi da iyalinka, in dai baka yi lissafi tun farko ba.

Toh ɗan'uwa abu na farko, kada ka je duba gida ranar Lahadi da hantsi. Lokacin hanya fayau take, mota na gudu, zaka ce ai nan da Circle, babbar mahaɗar motoci ta tsakiyar Akra, ba nisa. Ka je ka kwana wajen wani ɗan'uwa a unguwar in da hali, ka fito ranar Litinin bayan sallar asuba ka tsaya a janshan ka ga yanda mutane suke kokawar shiga mota, ka shiga kaima ka tafi har wurin aikinka ka duba agogo. Da yamma ka dawo ta wannan hanyar wajen ƙarfe 5 zuwa 7. Sannan ka ƙirga mota nawa ka shiga, don nan ne kuɗi yake tafiya: daga ƙofar gida zuwa bakin titi okada ko pragya (keke mai ƙafa uku) ko tasi, daga bakin titi zuwa babbar tasha trotro (ƙaramar bas ta haya), daga tasha zuwa wurin aiki wata trotro ɗin. Mota uku zuwa, uku dawowa. Ka ninka da kwanakin aiki na wata, ka ƙara na madam in tana zuwa kasuwa, ka ƙara na yara in makarantarsu tana nesa, ka ɗora a kan kuɗin haya, wannan shine ainihin kuɗin gidan. Sau da yawa zaka tarar ɗakin da ke kusa da babban titi wanda ka ga kamar ya yi tsada shine mai araha.

Sannan ka koma bayan an yi ruwan sama. Wannan kam kada ka yi wasa dashi. Ka duba gindin katangu, in ka ga layin datti ko kore-kore a jikin bango daidai gwiwa, ruwa ne ya taɓa kaiwa nan, ko an shafa sabon fenti in ka duba gidan maƙwabta zaka gani. Ka tambayi mai koko da ƙosai ta bakin layi, ka tambayi 'yan okada, ka tambayi ladan na masallacin unguwa. Su zasu gaya maka gaskiya, wanda yake neman lada a kan haɗa ka da mai gida ba zai ce maka mota bata shigowa layin in damina ta sauka ba.

Hanyoyin manya guda huɗu ne kuma kowacce da halinta.

Ta Kasoa ita ce mai cin rai, saboda duk jama'ar Kasoa da Budumburam da Amanfrom da Weija, harda motocin Winneba da Cape Coast da Takoradi, kowa titi ɗaya yake bi zuwa Mallam Junction. An yi gadar sama a Kasoa wajen ƙarshen 2016, an kuma daina karɓar kuɗin tol a ƙasar gaba ɗaya a watan Nuwamba 2021, duka sun rage wani abu amma motoci ƙaruwa suke. Wajen SCC da Old Barrier in an yi ruwa mai ƙarfi yashi da laka suna gangarowa daga kan tudu su rufe titi, sai ka ga layi uku sun koma ɗaya, wanda ya fito ƙarfe 6 bai kai Kaneshie ba sai hantsi. Mutanen Kasoa da suka san kan abin kafin asuba suke fita, su yi sallah a hanya ko in sun isa. In ka kai Mallam hanya ta rabu biyu, ka san wadda zaka bi tun daga tasha: ɗaya ta miƙe Odorkor da Kaneshie zuwa Circle da cikin Akra, ɗaya ta hau N1, wato titin George Bush mai kilomita 14 da aka buɗe a 2012, ta bi Kwashieman da Lapaz har Tetteh Quarshie. In Fadama ko Abeka zaka, motar Lapaz zaka nema, kada ka shiga ta Kaneshie kace zaka zagayo. Kuma ka tuna Talata da Juma'a ranakun kasuwar Kasoa ne, cikin garin kansa yana cushewa.

Ta Amasaman ita ce babbar hanyar Kumasi, don haka manyan tireloli masu zuwa arewa da Burkina duk nan suke bi, mai babur ya kiyaye sosai. Gadar Pokuase mai hawa huɗu da aka buɗe a Yulin 2021 ta taimaka, har ta baka hanyar yanka ta Awoshie ko ta Kwabenya ba sai ka shiga Achimota ba. Aikin faɗaɗa titi daga Ofankor zuwa Nsawam da aka fara a 2022 ya sa mutanen wajen sun sha ƙura da juye-juyen hanya, in kana da asma ko yaro mai ciwon ƙirji ka saka wannan a lissafi, takunkumi a aljihu kullum. A wannan layin aka fara bas ɗin Aayalolo a 2016, daga Amasaman zuwa Tudu, in ka dace da ita ta fi trotro sarari.

Ta Adenta da Madina ita ce mafi sauƙi ga wanda harkarsa take Nima ko Mamobi ko Kanda, don daga Adenta Barrier ka bi Ritz Junction, Zongo Junction, Atomic, Legon, Shiashie ka sauka 37 wajen asibitin soja, daga nan kuwa gida ya zo kusa. Abu ɗaya zan roƙe ka a nan don Allah, ka hau gadar ƙafa. Na san tana da tsawo, na san da kaya a ka akwai wahala, amma gadojin nan ba haka kawai aka gama su ba, sai da aka yi ta rasa rayuka a titin, har a Nuwamban 2018 mota ta kashe wata ɗaliba jama'ar Adenta suka fito suka tare hanya suka ƙona tayoyi. Ka koya wa yaranka hawa gadar tun ranar farko, ka riƙe hannunsu ku hau tare.

Ashaiman kuma motowe ce, wato babban titin Akra zuwa Tema mai kilomita 19 tun zamanin Nkrumah, 1965. In ta buɗe nan da nan ka isa Tetteh Quarshie, in tirela ta lalace a kai ko an yi hatsari toh sai haƙuri don babu wajen kaucewa sosai. Amfanin Ashaiman shine gari ne mai cin gashin kansa, ga kasuwa, ga karar shanu ta Tulaku, ga Tema da tashar jirgin ruwa da kamfanoni kusa, mutum zai iya samun abin yi ba sai ya shiga Akra kullum ba.

Yanzu trotro ɗin kanta. Iri biyu ce, ta tasha da ta bakin hanya. Ta tasha tana ƙarƙashin ƙungiyar direbobi, yawanci GPRTU, akwai bukman mai rubuta lambar mota da tsara layi, kuɗinta a yanke yake, amma bata tashi sai ta cika, da tsakar rana zaka iya zama har ka gaji. Ta bakin hanya tana tafiya tana ɗiba tana saukewa, ta fi saurin samu amma ta fi yawan tsayawa. In kana da kaya, ko dare ya yi, ko ka turo yaro ko tsohuwa su kaɗai, ta tasha za'a shiga, saboda in an manta jaka ko wani abu ya faru ka koma wajen bukman ka gaya masa lokacin da motar ta tashi ana iya gano direban. Ta bakin hanya in ta wuce ta wuce.

Ka koyi alamar hannu don met, wato yaron mota, ba ko yaushe zaka ji abinda yake cewa ba. In yana juya hannu yana zagaye da yatsa ƙasa, Circle kenan. In ya ɗaga yatsa sama yana "Kra, Kra, Kra", cikin Akra ne wajen Tudu da Makola. Kaima zaka iya yin alamar daga inda kake tsaye, in ba can zashi ba ba zai ɓata maka lokaci ba. Duk da haka kafin ka saka ƙafa ka tambaye shi da baki, ka ambaci sunan inda zaka sauka, don Circle ɗin ma akwai mai bi ta nan akwai mai bi ta can.

Kujera ma akwai dabara. In tafiyarka mai nisa ce ka wuce baya ko ka samu gefen taga, in ka zauna a 'yar kujerar nan mai naɗewa ta tsakiya duk wanda zai sauka sai ka tashi ka fita ka sake shiga. In kusa zaka sauka kada ka shige can lungu ka wahalar da mutane. Gefen taga kuma ka kula da waya, musamman in mota na tafiyar hawainiya wajen Circle ko Kaneshie da daddare, hannu ne zai shigo ta taga kafin ka ce wani abu an ɓace.

Maganar canji ita ke kawo rabin faɗan trotro. Ka tanadi ƙananan kuɗi tun dare, sidi 1, sidi 2, sidi 5. In babbar takarda ce a hannunka kamar 100 ko 200 ka gaya wa met tun kafin ka zauna, ba sai an kusa sauka ba. In ya karɓa yace zai baka canji an jima, ka tuna masa da lalama kafin tasharka ta zo, yaran nan tun ƙarfe 4 na dare suke rataye a ƙofar mota suna riƙe da lissafin mutum ashirin a ka, ba duka bane masu niyyar cuta. Kuɗin mota kuma ba met ke yanke shi ba, ƙungiyoyin direbobi ne suke zama da ma'aikatar sufuri su sanar, ana ƙarawa in mai ya tashi, wani lokacin ana ragewa kamar yanda aka rage kashi 15 cikin 100 a watan Mayun 2025, kuma ana manna takardar farashi a tasha, ka ɗauki hotonta a waya. Abinda zai fi baka haushi shine "shot-shot" na yamma, direban da ya kamata ya tafi Kasoa kai tsaye sai yace Mallam kawai zashi, kun isa ya sauke ku ya sake lodin Kasoa, ka biya sau biyu a mota ɗaya. Maganinsa ko ka fita kafin ƙarfe 4, ko ka daure ka bi layi a cikin tasha inda ba'a yin haka, ko kuma ka zauna ka yi magariba da isha a cikin gari ka tafi bayan hanya ta lafa. Ni dai na fi son na ƙarshen in babu mai jirana da gaggawa.

Tunda an zo maganar sallah, ka saba fita da alwala da yamma, don magariba a cikin tirafik zata riƙa samunka. Manyan tashoshin nan kusan duka akwai inda ake sallah a ciki ko a kusa, ka tambayi masu sayar da tsire ko masu shayi zasu nuna maka. Da azumi dabino uku da ledar ruwa a jaka, kuma ka ƙara kaɗan don na kusa da kai.

Tasi akwai ta lodi wadda kowa ke biyan kujerarsa, akwai dirofin wanda ka ɗauke ta kai kaɗai. In ka tare tasi a hanya baka ce komai ba direba zai ɗauka dirofin ne, don haka ku yi ciniki kafin ka buɗe ƙofa. Bolt da Uber da Yango suna aiki har bayan gari, sai dai in layinku babu kwalta ya fi ka taka zuwa wani wuri sananne, gidan mai ko masallaci ko makaranta, ka kira daga nan. Okada kuwa a unguwanni da yawa babu makawa sai ita. Ka nemi mutum ɗaya ko biyu masu hankali a janshan ɗinku ka riƙe lambarsu, ka nemi hular kwano, kuma 'yan'uwa mata don Allah a tattare hijabi da bakin abaya a riƙe a cinya kafin babur ya tashi, taya na kama mayafi ta fizgo mutum ƙasa. Yara uku huɗu a kan babur ɗaya zuwa makaranta, wannan kam a daina, gara pragya.

Damina babba daga Afrilu ne zuwa Yuli, Yuni ya fi ruwa, sai ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Duk wanda yake Akra ranar 3 ga Yuni 2015 bai manta abinda ya faru a Circle ba, ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai, sama da mutum 150 suka rasu, da yawansu fakewa ruwa suka yi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. In hadari ya haɗu da yamma kana wurin aiki ka zauna inda kake, ka kira gida kace zaka makara, kada ka shiga ruwan da baka ganin ƙasansa don gota a buɗe take a wurare da dama. Wanda zai zauna ƙasan dam ɗin Weija wajen Tetegu da Oblogo ya sani in ruwa ya cika ana buɗe dam ɗin, ana sanarwa a rediyo, a kasa kunne. Lambar gaggawa 112 ce, ka saka ta a wayar kowa a gidan.

Ruwan sha, ka tambaya tun kafin ka biya: akwai famfo? wace rana yake zuwa? mita ɗaya ce da mai gida ko kowa da tasa? Yammacin Akra daga Weija ake basu, gabas wajen Tema da Ashaiman da Adenta daga Kpong, amma sababbin unguwanni da yawa bututu bai kai ba tukuna, sai rijiyar burtsatse ko tanka. In burtsatse ce ka ɗanɗana, wata gishiri gareta, sabulu baya kumfa, bata dafa wake. Politank, wato tankin roba na ajiye ruwa, ko da ƙarami ne ka saka shi cikin kayan tashi. Wuta kuma ka dage ka samu mitarka ta firifed kai kaɗai, mitar haɗaka ita ke raba zumuncin maƙwabta, wannan yana da firiza wancan yana da ayan, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya shanye. Ana sayen kiredit ta manhajar kamfanin wuta, ECG PowerApp, ko *226# da MoMo, wato kuɗin waya, amma wasu tsofaffin mitoci sai an kai kati wajen mai sayarwa, ka san irin taka kuma ka san shagon da ya fi kusa kafin ta ɗauke maka da tsakar dare.

Asibiti ma haka. Korle Bu da Ridge da 37 suna nan amma daga Kasoa ko Amasaman da rana tsaka ba kusa bane, don haka satin farko ka je ka ga polikilinik ko asibitin gwamnati na yankinku da idonka, ka tambaya ko suna karɓar haihuwa da dare. In madam na da ciki ta mayar da awonta can, kuma ka ƙulla da wani maƙwabci mai tasi wanda zai ɗaga waya ƙarfe 2 na dare, wannan ya fi komai. Katin inshorar lafiya na NHIS ana sabunta shi a waya ta *929#, kada ka bari sai ciwo ya zo. Ka sauke manhajar GhanaPost GPS a waya ka tsaya a ƙofar gida ka ɗauki adireshinka ka rubuta shi a bango, za'a tambaye ka shi a banki da wajen cike takardu, ya kuma fi "bayan bishiyar mangwaro" in kana kwatance wa motar asibiti.

Kuɗin haya, dokar 1963 tace adbans kada ya wuce wata 6, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema. In ka biya ka karɓi rasit da takardar yarjejeniya da shaidu, in rigima ta taso ofishin Rent Control ake zuwa. Mai sayen fili kuma ya je Lands Commission a bincika kafin ya bada ko sisi, fili ɗaya ana sayar wa mutum uku a wajajen nan.

Saura gyaran layinku, don wata rana zaka gaji da laka kace wa zan kai wa kuka. Ka fara sanin asambulin da kake ƙarƙashinta, wato ƙaramar hukumarku, abin yana rikita mutane: cikin Kasoa Awutu Senya East ce, Amanfrom da ke maƙale da ita Ga South ce, Amasaman Ga West, Madina La Nkwantanang, Adenta da Ashaiman kowacce da tata. Manyan tituna na gwamnatin tsakiya ne, amma layin unguwa ta hannun asambuli ake bi, ƙofar shiga kuma asambuliman ɗinku ne, wato wakilin unguwa a asambuli, ka nemi lambarsa. Mutum ɗaya in ya je ba'a cika jinsa ba. Ku shiga ƙungiyar masu gidaje da mazauna unguwa, ko ɗan haya ne kai ka je mitin, mu mutanen zango muna da sakaci a nan, sai an yanke magana babu mu sannan mu zo muna ƙorafi. Ku rubuta wasiƙa da sa hannun jama'a, ku haɗa hotunan hanyar ranar da aka yi ruwa, ku tafi da liman da sarkin zango da fasto in akwai, ku bada ɗaya a buga muku hatimi a kan kwafin wasiƙar ku riƙe, bayan sati biyu ku koma. Tun 2024 gwamnati ta raba wa asambuloli gireda da rola da tifa a shirin da ake kira DRIP, don haka ku nemi a saka layinku cikin jerin inda injin zai je. In an ce ku haɗa kuɗin mai, a naɗa mutum biyu masu amana su riƙe, a rubuta sunan duk wanda ya bada. Kuma kafin gireda ta zo ku fara fitar wa ruwa hanya, ku haƙa gota gefe da gefe ku saka kwalbati a inda yake tsallaka titi, in ba haka ba ruwan farko na Mayu zai kwashe jan ƙasar da aka zuba ya kai ta ƙofar gidan wanda yake gangare.